Kwamfuta Mai Ƙin Tashi: A Kwashe Hatsi Kafin A Gyara Rumbu

Wannan jawabi ya shafi wata matsala da ke damun ma'aikata a ofisoshin Gwamnati, da makarantu, da asibitoci, har da shagunan buga takardu na bakin titi, watau kwamfutar da takan tashi yau, gobe ta ƙi, jibi kuma ta tashi lafiya lau kamar ba abin da ya taɓa samunta. An ɗauki birnin Jos misali domin yanayin garin yakan fito da irin wannan cuta fili, amma maganar ta shafi mai kwamfuta duk inda yake, ko a Sakkwato ne ko a Ikko.

Na'urar da ta mutu ɗungum ba ta yaudarar kowa, gama nan da nan akan ɗauke ta a kai wa mai gyara. Wadda ke yaudara ita ce mai tashi a karo na biyu ko na uku. Akawu ya zo da safe ya kunna, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ya kashe ya sake kunnawa, ta tashi, ya ce alhamdu lillahi, ya kama aikinsa. Da haka har ya saba, ya ɗauka halinta ne. Ana nan ran nan sai ta ƙi tashi gaba ɗaya, alhali takardun albashin ma'aikata, ko sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekara da shekaru, duk suna cikinta. Ya kamata jama'a su gane cewa kowane sashe na kwamfuta ana sayar da irinsa a kasuwa, in ya lalace kuɗi ne maganinsa. Abu ɗaya ne kawai ba a sayarwa, shi ne abin da aka rubuta a cikin faifan ajiya. Saboda haka, ranar da kwamfuta ta fara wannan hali, aikin farko shi ne a kwafe faifan. Neman musabbabi da gyara su biyo baya. Manomi ba ya fasa rumbu don gyara alhali hatsi na ciki.

Abin da ke faruwa sa'ad da aka kunna

Kafin Windows ko wata babbar manhaja ta bayyana a allo, akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin babban allon cikin na'urar, wanda masu gyara ke kira bod. Sunan manhajar BIOS, a sababbin na'urori kuma UEFI. Ita ce ke fara farkawa, ta bi sassa ɗaya bayan ɗaya kamar hedimasta yana duba layin yara da safe: ta duba ko wuta ta isa daidai, ta gwada ƙwaƙwalwar aiki wadda ake kira ram, ta nemi allo da madannai, sa'an nan ta nemi faifan da za ta tashi da shi. In ta iske wani sashe bai amsa ba sai ta tsaya, kuma tsayawar tana da dalili, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Inda ta tsaya shi ne shaida ta farko. Idan aka danna ba fitila, ba motsin fanka, to maganar wuta ce: soket, ko waya, ko akwatin da ke rarraba wuta a cikin na'urar. Idan fanka na juyawa amma allo bai nuna komai ba, galibi ram ne ko bod ɗin kansa. Wasu na'urori sukan yi 'yar ƙara sau biyu ko uku, ko fitilarsu ta yi ta ƙiftawa. Wannan ƙirga tana da ma'ana, sai dai kowane kamfani da nasa tsarin, don haka a littafin na'urar ake duba fassararta. Idan kuwa sunan kamfani ya fito, sa'an nan aka ga rubutu da Turanci cewa ba a sami faifan tashi ba, ko Windows ta fara tashi ta maƙale, to zargi ya koma kan faifan ajiya ko wayar da ke haɗa shi da bod.

Dalilin da ya sa Jos ta zama misali

Jos tana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma kowa ya san sanyinta, musamman a watannin Disamba da Janairu lokacin hunturu. Ƙarfe kuwa yakan tsuke da sanyi, ya buɗe da zafi. A jikin bod akwai ɗaruruwan mahaɗai da aka like da narkakken ƙarfe, wanda mafi yawansa kuza ce, irin wadda aka haƙa a wannan tudu tun farkon ƙarni na 20 har sunan Jos ya kai ƙasashen Turai. Idan ɗaya daga cikin mahaɗan ya tsage tsagewar da ido ba ya gani, da asuba sanyi yakan buɗe tsagar, na'ura ta ƙi tashi. Da hantsi, ko bayan an kunna ta sau biyu ta ɗan ɗumama, sai tsagar ta haɗe, ta tashi. Haka kuma ƙananan tulunan wuta da ake kira kafasito, in sun tsufa, sanyi yakan ƙara musu rauni. Wannan shi ya sa mai gyara kan gwada na'urar a shagonsa da tsakar rana, ya rantse lafiyarta ƙalau, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Bayan sanyi sai ƙura. Ƙurar hunturu takan shiga ta kafofin iska, ta toshe fanka, ta kwanta a ramin da ram ke zama. Da damina kuma, wadda a Jos takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, laima takan jiƙa wannan ƙura ta zama datti mai hana wuta ratsawa sosai. Ga kuma tsawa, wadda kan biyo wayar lantarki ta raunana na'ura ba tare da ta kashe ta nan take ba.

Sai maganar wutar kanta. Tudun Jos ya riga yawancin ƙasar nan sanin lantarki, gama tun 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya samar da wuta daga ruwan Kurra domin ma'adinan kuza. Amma ofis na wannan zamani yakan yi ta sauyawa tsakanin wutar gari da janareta da ta hasken rana, kuma a kowane sauyi ƙarfin wutar yakan yi sama ko ƙasa da bolt 230 da aka ƙayyade. Ɗaukewar wuta farat ɗaya sa'ad da faifai ke tsakiyar rubutu tana iya lalata fayilolin da na'ura ke tashi da su.

Akwai kuma wani ƙaramin mai laifi da akan manta da shi: batir ɗan mitsitsi mai kama da kwabo, mai lamba CR2032, wanda ƙarfinsa bolt 3 ne. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS sa'ad da na'ura ke kashe. Yawancin kwamfutocin da ke hannun jama'a na gwanjo ne, sun yi shekaru a wata ƙasa kafin su iso, batirin ya riga ya gaji. Alamarsa ita ce kwanan wata ya riƙa komawa baya shekaru da yawa duk safiya. Kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai, amma an sha zubar da na'ura mai lafiya saboda shi.

Faifan ajiya da alamun mutuwarsa

Duk waɗannan da aka lissafa suna da sauƙi. Wanda ake tsoro shi ne faifan ajiya, kuma abin takaici, alamunsa na farko sukan yi kama da nasu. Faifai irin na da, wanda har yanzu yana cikin na'urori masu yawa, tasa ce mai sheƙi da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata allura mai shawagi a samanta ba ta taɓa ta, tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Lokacin tashi shi ne lokacin da ya fi wahalar da shi, domin sai injinsa ya tayar da tasar daga tsaye. Faifan da ya fara gajiya yakan makara wajen amsawa, BIOS ta neme shi ba ta same shi ba, a karo na biyu kuwa ta iske ya shirya. Sauran alamu su ne ƙara ƙas-ƙas a kai a kai, da nauyi wajen buɗe fayil, da fayil da ya buɗu jiya yau ya ƙi.

Kowane faifai yana riƙe da lissafin lafiyarsa da kansa, tsarin da ake kira SMART, kuma akwai manhajoji na kyauta, irin su CrystalDiskInfo, masu karanta wannan lissafi. Abin dubawa shi ne yawan guraben da faifan ya iske sun lalace ya sauya su, da waɗanda ya kasa karantawa yana jiran sauyawa. A shekarar 2007 injiniyoyin kamfanin Google sun buga sakamakon binciken da suka yi a kan faifai fiye da 100,000. Sun gano cewa faifan da aka samu kuskuren farko a fuskarsa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39. Amma sun kuma gano cewa kimanin kashi 36 cikin 100 na faifan da suka mutu ba su nuna wata alama a lissafin ba sam. Ma'anar wannan a fili take: in lissafi ya ce akwai cuta, a gaskata shi, in ya ce lafiya, kada a saki jiki. Sabon nau'in ajiya da ake kira SSD ba shi da tasa ko allura, ba ya ƙara, ya fi jure faɗuwa, amma shi in zai mutu sau da yawa ba ya sallama.

Yadda ake kwafe faifai

Kwafar faifai ba baƙon abu ba ne a Jos. A shekarar 1999 wani malami Ba'amurke, Cliff Missen, yana koyarwa a Jami'ar Jos a ƙarƙashin shirin Fulbright, ya ga irin wahalar da malamai da ɗalibai ke sha wajen samun intanet. Da ya koma Jami'ar Iowa aka kafa shirin WiderNet a 2000, daga nan kuma aka ƙirƙiro eGranary, sunan da ke nufin rumbu. Dabarar ita ce a nemi izinin masu littattafai da mujallu da shafuka, a tara su a faifai guda, a yi ta kwafarsa ana kai wa jami'o'i da asibitoci, su ɗora a na'urorinsu, ɗalibi ya karanta ba tare da intanet ba. Da wannan hanya miliyoyin takardu suka isa makarantu a Afirka da wasu nahiyoyi. Faifan da ke hannun kowace makaranta yana iya mutuwa, amma ɗakin karatun ba ya mutuwa, domin yana da 'yan'uwa a wasu wurare. Abin da ake nema ga kowane ofis ke nan.

Kwafa iri biyu ce. Ta farko ita ce a ɗebi fayiloli a zuba a wani faifai na waje ko filashi. Duk ranar da na'ura mai wannan hali ta yarda ta tashi, to kada a kashe ta, kada a ce sai an tashi aiki. Nan take a kwashe abin da ya fi muhimmanci, a fara da wanda ba shi da kwafi a ko'ina, hotuna da finafinai su jira. Ta biyu ita ce a kwafe faifan ɗungurungum, gurbi bayan gurbi, har da Windows da manhajoji da saiti, yadda sabon faifan zai zama tagwayen tsohon, a sa shi a na'ura ta tashi kamar da.

Domin kwafa ta biyu ana bukatar sabon faifai wanda girmansa ya kai na tsohon ko ya fi, da wayar haɗa shi da na'ura, da filashi mai ɗauke da manhajar kwafa. Idan tsohon faifan yana da lafiya, Clonezilla ta isa. Kyauta ce, an ƙirƙire ta a wata cibiyar bincike ta Taiwan. Daga filashin ake tayar da na'urar, ba daga faifan da ake so a kwafa ba, domin ba a auna hatsi ana kan zuba wani. Faifai mai gigabait 500 yakan ɗauki sa'a biyu ko ƙasa da haka ta sabuwar kafar USB, ta tsohuwar kafa kuwa kusan sa'a biyar. Lalle ne a tanadi wutar da ba za ta yanke ba kafin a fara.

Idan faifan ya riga ya fara ciwo, to a nan ake bukatar natsuwa. Manhajar kwafa ta yau da kullum in ta iso gurbin da ya lalace takan tsaya tana ta ƙoƙarin karanta shi, tana ƙara wa faifan rauni, har ya mutu kafin a kai ga sauran wurare masu kyau. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna GNU ddrescue wadda aka yi musamman domin wannan. Ita takan tsallake wurin da ya yi gardama, ta kwashe duk mai sauƙi tukuna, sa'an nan ta dawo ta lallaɓa wuraren da ta bari. Tana kuma rubuta taswirar inda ta kai a wani ɗan fayil, yadda ko wuta ta ɗauke za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Irin wannan aiki yana iya cin kwana biyu ko fiye, kuma wanda bai saba ba gara ya nemi wanda ya sani.

Akwai kuskure guda da ya fi kowane muni, kuma ƙwararru ma sukan faɗa cikinsa in suna gaggawa, shi ne juya akalar kwafar, a kwafe sabon faifai wanda ba komai cikinsa a kan tsohon. Manhaja ba ta san wanne ne mai daraja ba, abin da aka umurce ta shi take yi, kuma cikin ɗan lokaci sai ta shafe aikin shekaru. Maganinsa shi ne a rubuta lambar jikin kowane faifai a takarda, a gwada ta da abin da allo ya nuna, mutum na biyu ya sake dubawa kafin a danna.

Haka nan, kafin a gama kwafa kada a yarda a sake zuba Windows, kada a goge faifan ko da na'ura ta nemi a yi haka, kada kuma a saki manhajar gyaran faifai a kansa, gama duk waɗannan rubutu suke yi a kan abin da ake so a ceto. Maganar sa faifai a firiji, ko bubbuga shi, ko kwance murfinsa a shago, duk ɓarna ce. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta karce tasar. Faifan da ke ƙara ƙas-ƙas kuma na'ura ba ta ganinsa sam, a kashe shi a ajiye, sai masu ɗaki na musamman marar ƙura ke iya buɗe shi. Sababbin na'urori da yawa kuma faifansu a kulle yake da BitLocker, wanda mabuɗinsa na gaggawa lambobi 48 ne. A nemo wannan mabuɗi a rubuta shi tun na'ura tana tashi, in ba haka ba kwafin yana iya zama akwati marar makulli.

Da an gama, a gwada kwafin: a tayar da na'ura da shi, a buɗe fayiloli daga wurare dabam-dabam, tsofaffi da sababbi. Sa'an nan kada a ajiye shi a aljihun teburin da kwamfutar ke kai. Mutanen Jos ba su manta da gobarar babbar kasuwar Taminus ta watan Fabrairu na 2002 ba, kuma wuta ko ɓarawo ba sa bambanta asali da kwafi in sun same su wuri ɗaya. Kwafi biyu ake so bayan na asali, ɗaya a wani gini dabam. Tun da yake takardun ofis sukan ƙunshi sunayen mutane da albashinsu da sirrin lafiyarsu, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsare su, don haka kwafin ma a kulle shi, a san wanda ke riƙe da shi.

Sa'an nan a nemi musabbabi

Bayan hatsi ya fita, sai a fuskanci rumbu. Cuta mai zuwa tana tafiya ba a kama ta da tunani, sai da rubutu. A ajiye ɗan littafi kusa da na'urar, duk wanda ya kunna ya rubuta rana da lokaci, da sanyi ne ko da zafi, wutar gari ce ko janareta, me allo ya nuna, ƙara nawa aka ji. In akwai rubutu a allo a ɗauki hotonsa da waya. Cikin mako guda sau da yawa littafin da kansa yakan nuna mai laifi: in kullum da sassafe ne, sanyi ne ke tona rauni, in kullum a kan janareta ne, wuta ce.

Ka'idar gwaji ita ce a sauya abu ɗaya tak a lokaci guda, a jira kwana biyu ko uku a gani. Wanda ya sauya abu huɗu rana ɗaya, ko na'ura ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba, ya kuma biya kuɗin uku a banza. A fara da mai araha: a cire duk filashi da firinta da ke jone, domin wani lokaci na'ura takan yi ƙoƙarin tashi daga filashin da aka manta a jikinta. A sauya soket da wayar wuta. Sa'an nan a zare wuta, a buɗe murfi, a busa ƙura, a cire ram a goge bakinsa a mayar har ya zauna daram, a cire wayar faifai a sake sokawa ko a sa sabuwa, a sauya ɗan batirin nan. Da hunturu wajibi ne mai wannan aiki ya taɓa ƙarfen jikin akwatin kafin ya taɓa wani abu a ciki, domin tartsatsin nan da kan fito in mutum ya tuɓe rigar sanyi da dare ya isa ya ƙona ram. In ram biyu ne a gwada su ɗaya-ɗaya, ko a bar manhajar MemTest86 ta kwana tana gwada su. Akwatin wuta kuwa ba a buɗe shi, domin yakan riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi daga soket. Aron wani mai lafiya ake yi a gwada.

Idan abin ya kai ga mai gyara, a tafi da littafin, a gaya masa gaskiyar abin da ya faru, ko faɗuwa na'urar ta yi ko shayi ya zube mata, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A roƙe shi ya bar ta ta kwana, ya kunna ta da sassafe. In ta tabbata faifan ne, a sa sabo a zuba masa kwafin. Tsohon kuwa kada a bar shi a shago, kada kuma a sayar wa 'yan gwangwan: a dawo da shi ofis, a rubuta kwanan wata a jikinsa, a kulle shi wata uku har a tabbata ba abin da ya ɓace, sa'an nan a huda tasarsa a gaban jami'in da ke kula da kayan ofis, a shigar da lambarsa cikin rajista.